A-kori-kurar Gado

Duk wanda ya san ƙasar Funtua zuwa Malumfashi ya san da wuya a rasa mota guda wadda ba ta tafiya a tsohon gidan noma. Tana nan a ƙofar gida ko a bayan rumbu, an ɗora ta kan duwatsu, akuya na kwance a inuwarta. In ka kuskura ka ce ta mutu, maigidan zai gyara maka zance nan take: ba ta mutu ba, ajiye ta aka yi. Tamu Peugeot 504 ce, a-kori-kura, fara ce a da, kafin ƙurar hunturu ta zaɓa mata wani launin.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a zamanin Shagari, sabuwa fil, da kuɗin masara da auduga. A lokacin wannan ba abin a je a gani ba ne. Tun da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua a 1975, wanda Bankin Duniya ya sa wa hannu tare da na Gusau da na Gombe, taki ya wadata, masara ta bar bayan gida ta shiga gona, manomi ya fara riƙe irin kuɗin da a da sai ɗan kasuwa. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Abin ya zo daidai: kuɗi a Funtua, mota a Kaduna, hanyar Zariya kuwa a miƙe. Takardunta na farko hatimin Jihar Kaduna ke jikinsu, domin ta girmi Jihar Katsina, wadda sai a 1987 aka yanke mata cibiya.

Ta yi aiki, ba ƙarya. Ta kai auduga gidajen gurza na Funtua da Malumfashi, ta kai masara Dandume, ta ɗauko tumatir da rake daga Danja. Ta kai amare ɗakunansu, ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai na gaba makwanci. Mutanen Faransa da suka ƙera ta sun rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, amma da Faransanci suka rubuta, Baba kuwa ajami ya iya. A ƙarshen kakar 2011, tana dawowa daga Malumfashi da lodin da shi kansa direba sai da ya yi masa addu'a, inji ya buga a wajen Bakori. Da igiya aka jawo ta gida.

Baba bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya aika aka ɗauko wani tsohon bakanike daga Malumfashi, wanda kowa ke ce wa Injiniya, wanda tun tana sabuwa shi kaɗai ke buɗe mata bonet. Aka sauke inji aka wargaza shi kan tabarma. Aka sayo fistin da ringi da laina da gaskit a kasuwar Panteka ta Kaduna, aka kai karanshaf Kano aka goge. Injiniya ya haɗa komai, ya mayar da inji mazauninsa, ya goge hannu da tsumma a yammacin ranar ƙarshe ta watan Disamba, ya ce, "Alhaji, saura batir da mai. Gobe da safe in Allah ya kai mu sai mu tayar."

Goben ita ce 1 ga Janairun 2012. Baba ya ɗauki jarka ya tafi gidan mai da saninsa na cewa lita naira 65 ce, ya tarar gwamnati ta janye tallafi, ana cewa 141. Ya dawo da jarka wayam, ya ajiye ta a ƙofar zaure, ya yi rantsuwa gaban jama'a cewa ba zai zuba wa motar nan ko ɗigon mai ba sai ya koma 65.

Aka yi yajin aiki, ƙasa ta tsaya cak, gwamnati ta sauko zuwa 97. Baba ya ce sun fara jin kunya. A farkon 2015 aka rage zuwa 87, ya ce a wanke motar, saura ƙiris. A watan Mayun 2016 aka mayar 145, ya ce a nemo tamfol a rufe ta. Yana cikin wannan jiran rai ya yi halinsa. Ranar rabon gado aka ƙiyasta gonaki, aka ƙiyasta shanu da gida, da aka zo kan mota Yayanmu babba, wanda ke aiki a Kaduna, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai ba dukiya ba ce, tarihi ce. A bar ta." Kowa ya gyaɗa kai. Aka bar tarihi da akuyoyi.

Abin da ya tuna mini da ita kuɗin dako ne. Tun da aka sake cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, mai ya haura 500, daga baya ya haura 1,000, masu motocin haya suka koma kirga buhu suna kallon sama. Ga shi kuma a yankin nan namu, da abin da ke faruwa a dazukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba mai son amfanin gonarsa ya kwana a fili. Ka casa masara, ka ɗinke buhu, ka tsaya bakin hanya kana roƙon direba alhali kuɗinka za ka ba shi. Na yi lissafi, na ga ko nawa ne mai, wanda ka zuba a motar gidanku ya fi wanda wani ya zuba ya ɗora maka riba. Abu ɗaya ya rage, sai na je wurin Liman.

"Allah gafarta Malam, rantsuwar Baba fa?"

Ya ce, "Ana gadon gona, ana gadon bashi a biya, amma ba a gadon rantsuwa. Je ka tayar da motarka."

Na riƙe wannan kalma ta "motarka", domin daga baya ta yi amfani.

Da muka yaye tamfol sai muka gane ashe gidan haya ce. A kujerar direba kaza ce kwance kan ƙwai, ta kalle mu ba ta ko motsa ba. Cikin akwatin gaba ɓeraye sun mayar da takardun Jihar Kaduna katifa. Da aka ɗaga bonet, injin na nan kwance a kishingiɗe yadda ake ɗora na 504, fentin da Injiniya ya shafa masa bai ko dusashe sosai ba, amma duk wata waya da ke da roba an cinye robar, an bar jan ƙarfe tsirara. Muka kwance murfin matatar iska, ɓawon gyaɗa da ƙwayar masara suka zubo, sun kusa mudu. A maƙogwaron kafireto kuwa zanzaro ya gina ɗakuna na laka, jere reras, har da 'ya'ya a ciki. Na buɗe murfin tanki na shinshina. Ragowar man da ya kwana a ciki tun 2011 ya daina warin fetur, ya koma warin tsohon fenti, ya daskare ya zama danƙo.

Baffa, ƙanin Baba, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba amma ya zauna a gidan gaba na motar nan fiye da kowa, ya jawo kujera ya zauna ya ce, "Ba abin da ya same ta. Sabon inji ne. Ku sa mukulli kawai."

Bakaniken da na ɗauko saurayi ne mai tashe a tashar Funtua, gwanin Golf da Sharon. Ya zo da yaronsa da wata na'ura mai allo a cikin jaka. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba, ya kwanta rigingine ya haska da fitilar waya.

"Baba, ina ake jona mata kwamfuta?"

Baffa ya ce, "Kwamfutar wannan motar tana Malumfashi, tana fama da ciwon gwiwa."

Bakaniken dai ya san aikinsa, ban ƙi ba. Ya ce injin da ya daɗe a ajiye ba a afka masa da mukulli, domin duk man da ke jikin ƙarafunsa ya tsiyaye ƙasa, ringi kuma kan manne da bangon silinda, in ka murza da ƙarfi sai su karye, aikin Injiniya ya tashi a banza. Ya kwance fulogai huɗun, ya ɗura baƙin mai cikin kowane rami, ya ce a bar shi ya kwana. Washegari ya sa babbar sufana a gaban inji, ya danna a hankali. Shiru. Ya sake dannawa, yaronsa ya kama masa, sai muka ji wani ɗan ƙara ƙus, sufana ta tafi. Baffa ya ce, "Ban gaya muku ba?"

Aka zubar da tsohon baƙin mai, aka zuba sabo. Aka wanke kafireto, zanzaro ya rasa muhalli. Aka cika lagireto da ruwa, ruwan ya biyo ta ƙasa ya jiƙa mini takalma. Baffa ya ce a zamaninsu ƙwai ake fasawa a ciki, in ruwa ya yi zafi sai ya dahu ya toshe ramin, ya kuma nuna kazar da ke kujerar direba. Kazar ta fahimci zancen, ta tashi gashinta. Muka gwammace mu sayi sabon tiyo.

Saura batir. Sabo ya fi ƙarfin aljihuna a ranar, kowa kuma a unguwa ya ce nasa yana da aiki. Wanda ya rage shi ne na lasifikar masallaci. Ladan ya ba mu bayan an idar da azahar, da sharaɗi ɗaya: ya dawo kafin la'asar, da ransa.

Tunda tanki ba ya amfanuwa, aka zuba mai a galan, aka sa tiyo daga galan zuwa kafireto. Yaron gareji ya zuƙa da baki don mai ya taso, ya zuƙa fiye da kima, ya haɗiye na kusan naira 200, ya yi ta tari yana tofarwa. Tunda ɓeraye sun gama da wayoyin mukulli, bakanike ya ja waya guda kai-tsaye daga batir zuwa kwayil, ya ce na wucin gadi ne. Ya sayo sababbin wayoyin fulogi, ya goge kontak da samfefa, ya miƙa wa yaronsa bakin waya ɗaya ya ce ya kara kusa da ƙarfe a ga ko akwai wuta. Aka murza. Yaron ya yi tsalle ya kira sunan babarsa. Bakanike ya ce, "Madalla, akwai wuta."

Kafin nan unguwa ta taru. Masu dawowa daga gona suka jingine fartanya, mai shayi ya bar tukunya, yara suka hau katanga. Aka fara juya injin ba fulogai, har sai da aka leƙa ta murfin sama aka ga baƙin mai ya hau yana sheƙi. Aka mayar da fulogai, aka jona wayoyi, aka ɗiga fetur a bakin kafireto. Baffa ya taso ya sunkuya daidai saman wurin don ya ba da shawara da kyau.

Inji ya yi gurnani, ya yi gurnani, sai bam! Harshen wuta ya fito ta kafireto. Da hayaƙi ya lafa, Baffa na tsaye yadda yake, sai dai gemun da ya tara tun zamanin Abacha ya rage ɓangare guda, girar hagu kuma ta yi sallama. Ya shafa fuska, ya dubi hannunsa, ya ce, "Ta kusa."

Daga nan kowa ya zama bakanike. Mai shayi ya ce kwandansa ce. Wani tsohon kwandasta ya ce mai ya yi yawa, wani ya ce mai ya yi kaɗan. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce Liman ya faɗi nasa, amma ita ta san Alhaji, ko a kabari ba ya janye magana. Inna ta aiko daga cikin gida da faranti na waina a raba wa yara sadaka, ta ce ko akwai masu zama a cikin motar da ba a yi musu sallama ba. Bakanike ya yi ta murzawa, mota na ta harbi, wani ta kafireto, wani ta salansa, har gurnanin ya koma nishi, nishin ya koma ƙyas-ƙyas. Batir ya ƙare tas.

A ranar, da maƙogwaro Ladan ya kira la'asar. Mutanen ƙarshen unguwa ba su ji ba, suka rasa jam'i, suka aiko a gaya mini alhakin yana wuyana. Na kai batir wurin mai caji, na kuma yanke shawarar a ɗauko kwamfuta daga Malumfashi.

A kan babur na goyo Injiniya, muna tafe yana gaya mini inda kowace mota ta taɓa lalacewa a hanyar tun kafin a haife ni. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, sai da aka riƙe shi ya sauka. Amma da aka kai shi gaban motar, sai ya ba ni sandarsa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗora tafin hannu kan injin ya ɗan tsaya, ya bi kusoshin sama ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana motsa baki, ya ce, "Ba wanda ya taɓa mini ɗauri." Sannan ya kama wayar fulogi ta farko daga kan distiributa, ya bi ta da yatsu biyu har inda ta ƙare, can gaba kusa da fanka. Ya yi murmushi.

"Wa ya jona wannan?"

Bakanike ya matso. "Ni ne, Baba. Ɗaya, uku, huɗu, biyu. Haka aka koya mana."

"Haka ne kuwa, ɗana, ba a yi maka ƙarya ba. To ina ɗayan take?"

"Ga ta nan a gaba."

"A Golf ɗinka. Bafaranshe daga baya yake ƙirge. Ɗayarsa tana can wajen giya, wadda ka kira ɗaya ita ce huɗu. Ni na saita wuta kan ta baya, kai ka aika ta gaba. Wuta na zuwa lokacin da ƙofa ke buɗe, ina za ta bi in ba gemun Alhaji ƙarami ba?"

Baffa ya ce shi ma abin da ya faɗa ke nan tun jiya, ba a saurare shi ba.

Injiniya ya zare wayoyi huɗun ya sauya musu wuri, bai kai minti ba. Ya toshe bakin kafireto da tafin hannu, ya ce, "Bismillah, murza." Inji ya juya sau ɗaya, ya yi tari, ya sake tari, sai ya kama. Salansa ta fara aman laka da ciyayi da tsummokara, wata gafiya ta fito da gudu ta bi ta tsakanin ƙafafun mai shayi. Man da aka ɗura a silinda ya fara ƙonewa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe layin baki ɗaya, har matan bayan gida suka fito da bokitai suna salati. Injiniya ya sa kunne, ya ɗan murɗa wani ƙaramin kusa a jikin kafireto, ƙarar ta kwanta ta daidaita. Ya ce a bar shi ya yi zafi, kada wanda ya taka totur, sabon ringi ba ya son garaje. Daga cikin gida muka ji guɗar Inna.

Wani ɗan ƙanwata ya ɗauki abin a waya ya tura zauren WhatsApp na dangi. Hayaƙi bai gama washewa ba wayata ta fara ruri. Yaya ne daga Kaduna.

"Na ga motarmu ta tashi. Kada a taɓa komai sai na zo."

Yayata da ke aure a Gusau ta kira ta ce tana taya mu murna, tana kuma tuna mini ba a raba motar ba. Ƙanwarmu ta Zariya ta turo lissafi: Inna da abokiyar zamanta tumuni, saura a raba, namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Wani ɗan Yaya mai karatu a jami'a ya ce ya bincika a intanet, irin motar nan ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, Turawa kuma suna neman tsofaffinta ido rufe, saboda haka kada a yi gaggawar loda mata masara. Kafin Juma'a gida ya cika. Mutanen da ko akuya ba su taɓa kora daga inuwar motar ba suna zagaya ta suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna tambayar ina murfin taya ɗaya ya tafi. Yaya ya kira taro a zaure, aka tsayar da cewa mota ta kowa ce, ni zan riƙa tuƙawa, shi zai riƙe littafin kuɗi.

Ranar Asabar da safe aka sa gwajin farko. Falkanaiza ya cika tayoyi, aka sauke ta daga kan duwatsu, aka juya hancinta ya fuskanci layi. Bonet na jingine da bango. Yaron gareji ya hau saman rufi ya zauna riƙe da galan don mai ya riƙa gangarowa. Yaya ya shiga gidan gaba da babbar riga da littafinsa. Sauran magada suka cika baya, kowa na son a ce da shi aka yi tafiyar farko. Ladan na tsaye gefe yana kallon batirinsa.

Na tayar, na taka kuloci, na tura giya. Ƙarrr. Na sake. Ƙarrr. Injiniya ya ce in bari, faifan kuloci ne ya yi tsatsa ya manne da na inji, abin da zama ke jawowa ke nan, kuma maganinsa a hannu yake.

"Kashe ta. Sa giya ɗaya. Taka kuloci har ƙasa, ka tayar a haka. Za ta tafi da kanta. In ta ɗan miƙa sai ka daki birki da ƙarfi, zai saki."

Aka zare waya, inji ya mutu, na sa giya, aka mayar da waya, na murza. Mota ta yi zillo ta fizga gaba, magada suka yi kabbara. Muka miƙa layi. Da na ga mun ɗan yi nisa, na daki birki da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ƙafata ta wuce har ƙasa ba ta haɗu da kowa ba. Man birki ya bushe tun zamanin naira 97. Duk kwanakin nan inji aka kira mu mu tayar, inji kuwa ya tashi, birki ba ya cikin yarjejeniya.

Na ja birkin hannu, ya biyo ni da guntuwar waya mai tsatsa. Na murɗa mukulli na kashe, har na zare shi na riƙe a hannu, inji bai ma san ana yi ba, domin wutarsa daga batir take zuwa kai-tsaye.

Yaya ya ce, "Innalillahi! Kai, tsaya mana!"

"Da me, Yaya?"

"Fitar da giya!"

"Ta ƙi fita."

Gudun da muke yi bai wuce na wanda ya ji an tayar da iƙama yana ƙofar gida ba, amma gudu ne da ba shi da ƙarshe. Ta madubi na ga magada sun fara dira, masu ƙaramin kaso suka riga, masu babban kaso suka ɗan jinkirta don kare haƙƙinsu, sannan su ma suka bi. Bakanike na biye da mu a guje yana miƙa hannu ya fizge waya, fanka na hana shi. Injiniya na tafe a baya da sandarsa yana cewa a cire tiyo. Yaron da ke saman rufi kuwa, da yake ogansa ya ce masa ko sama za ta faɗo kada ya saki galan, ya rungume shi da hannu biyu, ya rufe ido, mai na gangarowa yadda ya kamata.

Layinmu yana da kwana a ƙarshe. Na murɗa sitiyari, tayoyin da suka shekara da shekaru a tsaye suka yi shawara tsakaninsu suka zaɓi miƙewa. A gabanmu katangar ƙasa ce ta wani dattijo maƙwabcinmu, wadda damina ta riga ta jiƙa mata gindi. Muka shiga rigim. Ƙura ta tashi, awaki suka watse, muka ratsa ta kan shanyar kuɓewa, hancin mota ya daki gindin rumbu, tim. A daidai wannan dukan wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Mota ta tsaya, inji na ci gaba da kaɗawa lafiya lau.

Injiniya ya iso ta ɓarakar da muka yi, ya sa kunne, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya saki."

Maigidan na zaune kan tabarma da ƙwaryar fura a gabansa, ludayi a hannu. Ya dubi motar, ya dubi Yaya da ƙasa ta cika wa hula, ya dubi yaron da har yanzu ke rungume da galan.

"Sannunku da zuwa. Ƙofa dai tana ta gabas."

Da yamma aka taru gaban Mai unguwa. Aka lissafa katanga kamu goma sha wani abu, da gindin rumbu, da kuɓewa, da waken suyan wani bawan Allah da awakin suka shiga bayan sun sami 'yanci. Maƙwabci ya ce shi ba ya son rigima, amma tunda Allah ya kawo, ba zai koma ginin ƙasa ba, bulo da siminti yake so. Mai unguwa ya ji kuɗin, ya gyara zama, ya ce, "To, motar wa ce?"

Zaure ya yi tsit. Yaya ya rufe littafinsa a hankali ya tura shi cikin aljihu.

"Ranka ya daɗe, ni tun ranar rabon gado na ce tarihi ce, akwai shaidu. Shi ya ga dama ya tayar da ita."

Yayata ta Gusau ta aiko daga cikin gida cewa ta bar mini kasonta duniya da lahira. Ta Zariya ta ce lissafin da ta turo wasa take yi. Inna da abokiyar zamanta, waɗanda rabon da bakinsu ya zo ɗaya tun ina goye, suka yafe tumuninsu da murya guda. Ɗan jami'a ya ce da ya sake dubawa, Turawan ba a-kori-kura suke nema ba. Liman ya ce shi dama tun farko "motarka" ya ce, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Haka na mallaki Peugeot 504 sukutum, gaban shaidu, a kan farashin katanga.

Na sayar da buhunan masara na yi ginin, har da filasta. An gyara birki, an wanke tanki, an ja sababbin wayoyi, na sayi batir nawa na kaina, Ladan ya dawo yana amsa mini sallama. Yanzu tana kai masara Dandume, tana kwaso waken suya daga gona kafin magariba, Injiniya kuma ya hana a loda mata fiye da kima sai ringi sun zauna. Baffa ya koma gidan gaba, gemu ya fara tohowa, yana gaya wa duk wanda muka rage wa hanya yadda ya gano matsalar wayoyi.

Shekaranjiya maƙwabcinmu na yamma, wanda katangarsa ta tsage tun daminar bara, ya aiko ɗansa da goro. Ya ce a gaishe ni, a kuma tambaye ni yaushe zan sake gwada birki, domin shi layinsu ma yana da kwana.